Yadda ake kiwon tattabaru a gida, daga ƙwai zuwa ɗan shila

Tattabara tsuntsuwa ce mai lissafi. Ƙwai biyu take yi a kowane zubi, ta kwanta a kansu kwana 18, ɗanta kuma cikin sati huɗu yake cika gashi ya nemi fita daga sheƙa. Yawancin asarar da masu kiwo ke yi daga rashin riƙe waɗannan kwanaki take tasowa: a zubar da ƙwan da saura kwana biyu ya ƙyanƙyashe, ko a ɗauke ɗa daga iyayensa tun bai isa ba, ko a saki sabuwar tattabara tun ba ta san gida ba. Don haka kafin katako da raga, ka tanadi alli ko gawayi da za ka riƙa rubuta rana a jikin kowane gurbi.

Ɗakin da za su zauna

A da tsofaffin tukwane ake kafawa a jikin katanga ko ƙarƙashin indararo, kuma har yanzu suna aiki, domin tukunyar ƙasa ba ta ɗaukar zafi. Aibinta biyu ne: wuyar sharewa, da kuma cewa duk abin da ya iya hawa katanga ya iya shiga. Wanda yake son kiwo na gaske ya gina ɗaki ko ya haɗa babban keji na katako da ragar waya.

Ƙofar ɗakin kada ta kalli gabas. A ƙasar Hausa hadarin damina daga gabas yake tasowa da iskarsa, hunturu kuma daga arewa maso gabas yake busowa. Yamma tana da zafin rana na la'asar. Kudu ta fi dacewa. Idan rufin kwano ne, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kansa, ko a bar tazara tsakanin kwanon da gurbin sama, saboda a watannin Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato ko Maiduguri yana haura digiri 40, kuma 'yan shilan da ke gurbin da ya fi kusa da kwano su ne na farkon mutuwa.

A ɗaga kejin daga ƙasa kamar tsawon mita guda. Idon ragar kada ya wuce rabin inci, wato wanda ɗan yatsanka ba zai shige ba sai da ƙyar. Ragar kaji mai manyan idanu tana hana tattabara fita amma ba ta hana ɓera, maciji da ƙananan tsuntsaye shiga. Kowane aure, namiji da mace, a ba su gurbi mai faɗin santimita 60, zurfi 40, tsawo 35 ko kusa da haka, a saka kasko biyu a ciki. Dalilin kasko biyu zai bayyana a gaba. Gurabun su fi yawan auren da ke ɗakin, domin idan suka yi daidai ko suka gaza, maza ba sa daina faɗa, kuma a cikin faɗan ne ƙwai ke fashewa. A kafa 'yan sanduna ko guntayen katako na tsayuwa, kowane tsuntsu da nasa.

Abu ɗaya da tattabara ba ta jurewa shi ne laima. Tana jure zafi, tana jure sanyi, amma ɗaki mai danshi da warin kashi shi ne uwar cututtuka. A zuba busasshen yashi a ƙasa, iska kuma ta riƙa ratsawa ta sama.

Sayen na farko

Kada ka fara da yawa. Aure biyu ko uku sun isa. A kasuwar 'yan kaji, ka karɓi tsuntsun a hannu, kada ka saya daga kallo. Ka shafa ƙirjinsa: idan ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa, a rame yake. Ka buɗe bakinsa a hankali ka duba maƙogwaro. Ya zama ja mai haske, babu wani rawayan abu maƙale, babu yauƙi, babu wari. Ka buɗe fiffike ka ɗaga shi wajen haske ka nemi ƙwarƙwata da ƙananan hudoji a jikin gashi. Ka duba ƙarƙashin jela, kada ka ga kashi ya bushe a wurin. Ido ya zama garau ba hawaye.

Bambance namiji da mace yana ba ko tsofaffin masu kiwo wuya idan tsuntsun yana hannu. Namiji ya fi kaurin wuya da girman kai, amma wannan ba hujja ba ce. Halinsa ne ke tona shi: yana kumbura wuya, yana kuka yana juyawa har ya zagaya gaba ɗaya, yana jan jela a ƙasa yana bin mace. Mace da ta taɓa yin ƙwai, ƙasusuwan nan biyu da ke kusa da duburarta sun fi buɗewa. Idan aka haɗa maka mata biyu, za ka gane ranar da ka tarar da ƙwai huɗu a kasko ɗaya, duka ba ɗa a ciki. Maza biyu kuwa za su yi ta ɗinka sheƙa ba ƙwai.

Ƙanana 'yan wata ɗaya zuwa biyu, waɗanda ba su taɓa tashi a wani gida ba, su ne masu saurin sabo. Sai dai za ka jira, domin tattabara ba ta fara ƙwai sai ta kai wata biyar zuwa bakwai. Manya kuwa suna da gidansu a ka. Ka sake su yau, gobe suna kan katangar wanda ya sayar maka. Babba a tsare shi aƙalla sati huɗu, kuma abin da ya fi tabbas shi ne a jira har sun yi ƙwai sun fara kwanci, domin ƙwai ne ke ɗaure tattabara da gida. Wasu suna fige dogayen gashin fiffike ɗaya. Gashin da aka fige yana tsirowa cikin kamar sati shida, wanda aka yanke da almakashi kuwa ba ya komawa sai lokacin da tsuntsun ya zubar da gashi da kansa. Duk biyun suna barin tsuntsu a ƙasa gaban kyanwa. Gara a yi wani ɗan keji na raga a bakin ƙofar ɗakin, inda za su riƙa fitowa suna kallon gida da unguwa ba tare da sun tashi ba.

Ranar sakin farko, kada ka ba su abincin safe. Ka buɗe ƙofa da yamma, saura kamar awa ɗaya magariba, ka koma gefe. Kada ka kore su, kada yara su yi ihu. Su fito da kansu, su hau rufi, sannan ka kaɗa gwangwanin hatsi ka zuba a cikin ɗaki. Wannan ƙarar gwangwani, ko fito, a riƙa yin ta duk lokacin ba da abinci tun ranar da suka zo. Ita ce igiyar da za ka riƙa jawo su da ita.

Duk tsuntsun da aka sayo daga baya, a ware shi sati uku a wani keji nesa da sauran kafin a haɗa.

Abinci da ruwa

Babbar tattabara tana cin giram 30 zuwa 40 na hatsi a rana, kimanin cokalin cin abinci uku. Masu ciyar da 'ya'ya suna cin ninkin haka ko fiye. Dawa da gero kaɗai suna riƙe rai amma ba sa gina ɗan shila. Haɗin da ke aiki, a auna da gwangwani ɗaya: dawa 3, gero 2, masara 2, alkama 1, wake 2. Masarar ta zama mai ƙananan ƙwaya ko a ɓarza ta, a ɓarza kaɗan-kaɗan saboda ɓarzajjiya tana saurin funfuna. Idan da waken suya za a yi, a soya shi tukuna, ɗanye yana hana narkewar abinci. Gyaɗa suna matuƙar sonta, amma a bar ta a matsayin tukwici, 'yan ƙwayoyi kaɗan, kuma duk wadda ta yi baƙi ko ɗaci a zubar. Da sanyi a ƙara masara, lokacin ciyar da 'ya'ya a ƙara wake.

A ba su sau biyu, safe da yamma, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 15 zuwa 20. Hatsin da ya kwana a ƙasa shi ke kiran ɓera da dare, da rana kuma ya kira kurciya da gwara, su ci su sha a mazubi ɗaya da naka, su bar musu cuta.

Tattabara ba ta da haƙori, a ƙundu take niƙa hatsi da tsakuwa. A ajiye musu wani kasko dabam mai ƙananan tsakuwoyi, jar ƙasa, dakakken gawayi, da ɓawon ƙwan kaji da aka gasa aka daka, da ɗan gishiri kaɗan, kamar ƙaramin cokali a cikin gwangwani biyar na haɗin. Wannan kasko ne mutane suka fi mantawa da shi, sai daga baya su ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko mace ta kumbura tana nishi ƙwai ya maƙale mata.

Shan ruwanta ya bambanta da na kaza. Kaza tana ɗiba ta ɗaga kai, tattabara kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa. Saboda haka ruwan ya kai zurfin santimita uku zuwa huɗu. A yanke jarka a gefe ta yadda kai zai shiga amma ƙafa ba za ta shiga ba. A sauya ruwa kullum, a wanke mazubin da soso. Sau ɗaya ko biyu a mako, da hantsi, a ajiye musu baho mai ruwa su yi wanka, a ɗauke da zarar sun gama don kada su sha.

Daga ƙwai zuwa sati huɗu

Idan aure ya kama, za ka ga namiji yana bin mace duk inda ta sa ƙafa, yana tsattsagarta har ta koma gurbi. Ba mugunta ba ce, korar ta yake yi zuwa sheƙa. A zuba musu ƙananan ƙirare da busasshiyar ciyawa su ɗiba. A cikin kasko a fara zuba yashi, a ɗora ciyawa. Busasshen ganyen darbejiya ko karan taba a ƙarƙashin ciyawar yana rage ƙwari. Kasko mai santsi, ko gindin roba ko kwali tsirara, shi ke sa ƙafafun ɗan shila su baje gefe-gefe ya kasa tsayuwa har abada. Idan an gano da wuri, cikin satin farko, a haɗa ƙafafun biyu da zare mai laushi ko filasta a bar tazarar da ta dace da tsayuwa, a gyara sheƙar, cikin kwana biyar zuwa bakwai sukan miƙe.

Ƙwan farko yakan zo da yamma, na biyu kuma bayan kusan kwana biyu. Ka rubuta ranar na biyu, daga ita ake ƙirga. Suna karɓa-karɓa: namiji yana kwanci daga hantsi zuwa la'asar, mace ta karɓa daga nan har wayewar gari. Wannan ma hanya ce ta gane wane ne wane. Idan mace ta zauna sosai a kan ƙwan farko tun kafin na biyu ya zo, ɗa ɗaya zai riga ɗan'uwansa fitowa da kwana ɗaya ko biyu, ya fi shi ƙarfi, ya riƙa cinye rabonsa. Masu lura sukan ɗauke ƙwan farko su ajiye a inuwa, su sa na bogi a madadinsa, su mayar ranar da na biyu ya zo.

A kwana na biyar ko na shida, da dare, ka haska ƙwan da tocilan waya. Mai ɗa zai nuna jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa shi tas ba komai ciki. Ka tura hannu a rufe da bayan hannunka sama, domin uwar za ta doke ka da fiffike, kuma dukan yakan faɗa kan ƙwan. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa tsakanin kwana 17 da 19. Daga lokacin da ɗan ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yana iya ɗaukar yini guda cur. Kada ka taya shi ɓarewa. Jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, kana ɓarewa zai zubar da jini ya mutu. Ƙwan da ya wuce kwana 21 a zubar.

A nan tattabara ta sha bamban da kaza. Ɗan tsako yana fitowa ya fara tsattsaga, ɗan shila kuwa yana fitowa makaho, tsirara sai ɗan rawayan gashi. Iyayen biyu, har namijin, suna samar da wani abu mai kauri kamar kindirmo a cikin jakar da ke gindin wuyansu, inda hatsi ke fara sauka. Ɗan yana zura bakinsa cikin bakin uwa ko uba ya sha. Wannan nonon tattabara shi kaɗai ne abincinsa a kwanakin farko, daga wajen kwana na huɗu ko na biyar su fara gauraya shi da jiƙaƙƙen hatsi, zuwa kwana goma ya koma kusan hatsi zalla. Jikinsu yana fara haɗa nonon ne a kwanakin ƙarshe na kwanci. Shi ya sa idan za a sauya wa wasu iyaye ƙwai su ƙyanƙyashe, sai waɗanda ranar ƙwansu ba ta yi nisa da ta wannan ba, kwana biyu ko uku. Idan aka saɓa, ɗan zai fito babu nono, ko iyayen su gaji su tashi kafin ya fito.

Ido yana buɗewa a wajen kwana huɗu zuwa biyar. A sati guda tsinin gashi ya fara fitowa. Kullum da yamma ka taɓa gindin wuyan kowane ɗa. Ya zama cike, mai laushi. Idan ɗaya kullum cike ɗaya kullum wayam, ka ɗauke babban na ɗan lokaci idan iyaye sun ci sun sha sun dawo, su fara ciyar da ƙaramin.

Da 'ya'yan sun kai sati biyu zuwa uku, uwar za ta sake yin ƙwai. Amfanin kasko na biyu ke nan. Idan babu shi, a cikin 'ya'yan za ta yi, su tattake su ɓata da kashi. Daga nan yawancin ciyarwa ta koma kan uban.

Wanda yake kiwo don nama, ko don farfesun mai jego da marar lafiya, lokacinsa kwana 26 zuwa 30, sa'ad da gashin ƙarƙashin fiffike ya cika amma ɗan bai fara tashi ba. A nan ya fi nauyi da laushi. Da ya fara tashi sai ya rame. Wanda za a bari ya girma, a sati huɗu a sauko da shi ƙasa, a sa masa ƙananan hatsi, a tsoma bakinsa cikin ruwa sau ɗaya ko biyu ya gane. Ɗan da ya zauna yana lumshe ido a kwanakin yaye, sau da yawa ƙishirwa ce ba cuta ba. A lura kuma kada ya faɗa gurbin wani namiji, domin zai tsattsage masa kai har ƙwarya ta bayyana.

Aure mai kyau yana iya yin zubi bayan zubi duk shekara, amma hakan yana cinye macen. Bayan zubi uku ko huɗu a jere, a raba su wata guda ko a sa musu ƙwan bogi su huta. Kuma a riƙa shigo da sabon jini. Wa da ƙanwa suna haɗuwa su haihu, amma idan aka yi ta maimaitawa 'ya'yan sai su riƙa fitowa raunana.

Ɗan da iyaye suka yasar, da ɗan kurciya da aka tsinta

Yara sukan shigo gida da ɗan tsuntsu a hannu, musamman bayan iskar damina. Abu na farko shi ne a dube shi. Idan gashinsa ya cika, yana tsalle, yana kama yatsa da ƙafa, ba maraya ba ne, koyon tashi yake yi, iyayensa suna kusa. A mayar da shi inda aka ɗauko, a ɗora a reshe ko kan katanga inda kyanwa ba za ta kai ba. Idan tsirara ne ko gashin bai rufe shi ba, a nemi sheƙar a mayar. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗanta idan mutum ya taɓa shi ba ta da tushe. Idan sheƙar ta wargaje, kuma ta kurciya 'yan ƙirare ce kawai da iska ke zubarwa, a huda gindin ƙaramin kwando ko roba don ruwa ya zube, a zuba ciyawa, a ɗaure a reshen, a ja da baya a jira awa biyu. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, Annabi (SAW) ya ga uwar tana kaɗa fiffike ya umarta a mayar mata da su.

Sai idan iyaye ba su dawo ba ne za a ɗauki nauyinsa. Ɗan kurciya, ɗan hasbiya da ɗan tattabara duk hanyarsu ɗaya. A fara da ɗumi kafin abinci, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai, abincin sai ya tsaya ya yi tsami ya kashe shi. A sa shi a kwali mai tsumma, a naɗe gorar ruwan ɗumi da zane a ajiye a gefensa, har jikinsa ya yi ɗumi a tafin hannu. Kada a ɗura masa ruwa a baki: ƙofar numfashinsa tana bayan harshe, ɗigo kaɗan ya shiga huhu ya gama. Kada a ba shi madara ko burodi.

A samo abincin 'yan tsaki na kanti, a jiƙa da ruwan zafi, a dama, a tace ya yi kamar koko. Zafinsa ya zama kusa da na jikin tsuntsu, digiri 39 zuwa 40; ka ɗiga a bayan hannunka, ya zama ɗumi ba ƙuna ba. A yanke bakin babban sirinji, a cika, a rufe bakin da guntun safar hannu ta roba a ɗaure da kyauro, a ɗan tsaga tsakiyar. Ɗan zai zura bakinsa cikin tsagar kamar yadda yake yi wa uwarsa, ya zuƙa da kansa, kai kuma kana turawa a hankali. Ka tsaya idan jakar wuyan ta cika kashi uku cikin huɗu, tana da laushi, ba ta yi tauri kamar ganga ba. Ka goge masa baki da hanci. Kada ka sake ba shi sai jakar ta kusa komawa wayam. Ɗan satin farko yana bukata duk bayan awa biyu zuwa uku da rana, ɗan sati biyu sau uku ko huɗu, kuma ana ƙara kauri yana girma. Daga sati biyu zuwa uku a fara sa masa jiƙaƙƙiyar dawa ko wake ɗaya-ɗaya a can cikin baki. Gaskiya ita ce wanda bai kai kwana huɗu ba da wuya ya rayu a hannun mutum, saboda babu abin da ke maye gurbin nonon iyaye. Idan akwai tattabaru masu ɗa guda tsaransa, a sa musu shi ya fi. Na daji dai a ware shi daga ɗakinka tukuna a duba bakinsa, kuma idan ya iya ci da tashi a sake shi inda aka tsince shi. Wannan hanya ba ta 'ya'yan mujiya, shaho ko tsuntsaye masu cin ƙwari ba ce. Hatsi kashe su yake yi.

Masu farautarsu

Shaho a sama yake ɗauka, kuma yana koyon lokaci. Idan kullum ƙarfe bakwai kake saki, ƙarfe bakwai zai riƙa zuwa. Ka sauya lokaci, idan ya ɗauki ɗaya ka tsare sauran kwana huɗu ko biyar har ya nemi wani wuri. Ƙanana masu koyon tashi su ya fi samu, don haka kada a sake su su kaɗai. Shirwa ta fi ƙarfi a kan tsuntsu marar ƙarfi da ke ƙasa ko kan rufi. Hankaka ɓarawon ƙwai da 'yan shila ne, yana shiga har cikin tukunya idan bakinta a buɗe yake. Da dare kuma sai muzuru, gafiya, maciji da mujiya, maganinsu duka a rufe ƙofa da magariba. A naɗa guntun kwano mai santsi a ƙafafun kejin, ɓera ba zai iya hawa ba. Kada a sa gubar ɓera inda tattabara ke kiwo.

Tsuntsun da kyanwa ta kama ta saki, ko ba a ga rauni ba, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga likitan dabbobi a ranar, domin ƙwayoyin da ke bakin kyanwa suna kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Raunin shaho kuwa a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a ajiye tsuntsun a kwali mai duhu. Tattabara tana warkewa daga raunin da mutum zai ɗauka ba za ta tashi ba.

Wata rana baƙuwar tattabara za ta biyo naka ta shigo. Tana da mai ita, kuma a unguwa ba a rasa sanin ko ta wa ce. A ware ta, a ba ta ruwa, a tambaya. Hawan rufi da katanga don kora ko kamu shi ne abin da ya fi haɗa masu tattabaru faɗa da maƙwabta, tunda daga can ana hango tsakar gidan mutane.

Cututtukan da za ka fi haɗuwa da su

Mafi yawa shi ne ciwon maƙogwaro mai rawayan abu kamar cuku. Wata ƙwayar cuta ce da manya ke ɗauke da ita ba alama, su ba 'ya'ya ta baki, ta kuma yaɗu ta ruwan sha. Ɗan sai ya rame, ya kasa haɗiya, bakinsa na wari. Kada a ƙwaƙule abin da ƙarfi, jini zai ɓalle. Maganinsa metronidazole, kimanin miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin tsuntsu sau ɗaya a rana har kwana biyar. Ke nan tattabara mai giram 400 miligiram 20 take bukata: a daka ƙwaya mai miligiram 200 a cikin ruwa mililita 10, a girgiza sosai, a ba ta mililita ɗaya a can gefen maƙogwaro. Wuce ƙima yana sa tangaɗi da farfaɗiya. A yi wa iyayen tare, kuma wanda aka ba wannan magani kada a yanka shi don ci.

Na biyu, wanda ke share ɗaki, dangin cutar Niyukasil ce ta kaji. Tana farawa da yawan shan ruwa da zawo tsararo, sai wuya ya murɗe, tsuntsu ya kai baki ga hatsi ya kuskure. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasil na kaji. Wanda ake sawa a ruwa ko a ido kariyarsa ga tattabara ba ta da ƙarfi kuma ba ta daɗewa, na allura ya fi, don haka a nemi likitan dabbobi ya tsara. Waɗanda suka kamu a ware su, a ciyar da su da hannu, wasu sukan tashi bayan makonni.

Da damina sauro yana kawo ƙuraje a gefen ido, baki da ƙafa, musamman ga 'yan shila. A shafa aidin, kada a ɓare, sukan bushe su faɗi cikin sati uku zuwa huɗu. A kawar da ruwan da ke kwance kusa da ɗakin. Tsuntsun da ke ci amma yana ramewa, a yi zargin tsutsar ciki, a ba da maganin tsutsa na kaji irin su piperazine bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin. Fenbendazole kuwa yana lalata gashi mai tsirowa kuma yana iya kashe tattabara. Kumburin gaɓar fiffike ko ƙafa tare da mutuwar 'ya'ya cikin ƙwai alama ce ta cutar da ɓeraye ke yaɗawa, wannan sai likita. Ƙwarƙwata da ƙudan nan mai faɗi da ke gudu cikin gashi, a barbaɗa hodar permethrin ƙarƙashin fiffike da jela, a kiyaye ido, a ƙone tsohuwar sheƙa bayan kowane zubi.

Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Idan ka ga kaji ko tsuntsayen daji suna mutuwa da yawa a unguwa, ka rufe naka, kada ka taɓa gawar da hannu tsirara, kada yara su ɗauka, ka sanar da ofishin kula da dabbobi.

Ƙurar busasshen kashi da ta gashi tana cutar da huhun mai kiwo idan ya shekara yana shaƙa. Kafin shara a yayyafa ruwa, a rufe hanci, a kankare da ƙarfe sau biyu a mako. Kashin a tara a buhu a wuri busasshe. Masu lambun albasa da tumatir suna nemansa, amma yana da zafi, sai an bar shi ya ruɓe wata biyu ko uku kafin a zuba a gindin shuka.